Kore a Allonsu, Guba a Kwanonmu

Buhu tara na riɗi yayana ya samu a kakar bara, a gonarsa da ke wani ƙauye bayan Sara, cikin ƙaramar hukumar Gwaram. Shi ya yanka da hannunsa, ya ɗaure dami-dami, ya jingine suka bushe, ya zazzage, iyalinsa suka sheƙe. Ya ba dillali, aka haɗa da na wasu aka cika mota sai Kano. Kwana huɗu dillali ya dawo da magana ɗaya tak: "Alhaji, sai haƙuri, kaya ba su ci gwaji ba." Ya zaftare kuɗi a kan kowane buhu, ya miƙa masa saura. Yaya ya ce, "To me aka gani a ciki? Ƙasa ce, ko danshi, ko me?" Dillali ya watsa hannuwa ya ce, "Wallahi haka na'ura ta ce." Babu takarda, babu lamba, babu bayani. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, wanda ya san riɗi tun ba a haifi mai danna na'urar ba, aka sallame shi kamar yaron da ya fasa tulu a bakin rijiya.

Abin ya tsaya mini a maƙogwaro. Bayan wata biyu na shiga Kano, na biya wurin ɗan ƙanwata da ke aiki a siton wani kamfanin fitar da amfanin gona zuwa ƙasashen waje. Ya hau da ni ofishin sama, ya nuna mini wani makeken allo irin na talabijin a jikin bango. 'Yan boko dashbod suke ce masa, sunan da aka aro daga allon nan na gaban direba mai nuna gudu da zafin inji da sauran mai. Ni allon alƙaluma zan kira shi. Duk abin da kamfanin ke ciki yana kai: tan nawa aka saya jiya, mota nawa ta sauke, kwantena nawa ke hanyar Apapa. Can a kusurwa ga wata da'ira mai launi, ita ce ke nuna kason kayan da suka faɗi gwajin inganci. In kason ya yi ƙasa, kore. In ya ɗan hau, ruwan ɗorawa. In ya wuce iyaka, ja. Ranar kore ne shar.

"Kawu, da manaja ya shigo da safe nan yake fara kallo," in ji shi. "In ya ga kore, kowa ya huta." Ya dangwala yatsa a kan da'irar, ta tsage gida-gida: danshi, tsakuwa da ƙasa, ragowar maganin ƙwari, ƙwayar cuta. Ya sake dangwalawa, sai ga sunayen kasuwannin da ake ɗebo kaya, kowace da nata layi mai hawa da sauka, mako bayan mako.

Na tsaya ina kallo, jikina na rawa. Irin amsar da Yaya ya roƙa aka hana shi, ga ta a bango ɓaro-ɓaro, an ƙawata ta da launi, ana sabunta ta kullum, don amfanin mutum ɗaya da bai taɓa riƙe lauje ba. Sai na yi masa tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami yau. Na ce, "Wanda ya faɗi fa, ina ake kai shi?" Ya ce, "Ai Kawu wannan ba ya cikin lissafinmu. Mai kaya ne ke kwashe abinsa."

Mai kaya ya kwashe abinsa ya kai ina? Ba teku yake zubawa ba, ba rami yake haƙawa ya binne ba. Ɗan kasuwa ne, jarinsa ne a cikin buhun. Zai juya mota ya nufi kasuwar Dawanau, ya sayar wa wanda ba ya tambaya. Daga nan riɗin ya zama mai, ya zama kantu a farantin yarinya mai talla a tashar Birnin Kudu. Gyaɗar da aka ƙi ta zama ƙuli-ƙuli da tunkuza da yajin tsire. Waken da aka ƙi ya zama ƙosai da alale da garau-garau. Koren da manaja ke gani da safe ya yi murmushi, da jan da aka turo mana aka saye shi. Allon ba ya ƙarya game da abin da ya hau jirgi. Shirun da ya yi game da abin da bai hau ba, shi ne laifin, kuma wannan shirun mu muke ci.

Kada wani ya ce ina zuzutawa. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya. Dalilin da ta bayar a rubuce yake: tun daga Janairun 2013 an kama kayan wakenmu fiye da sau 50 a bakin iyakokinta, kusan duka saboda sinadarin dikilobos, wato abin da ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiyar da ake haɗawa a kwalabe. Iyakar da suka amince da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. An samu wakenmu da ya kai miligiram 4.6. Yi lissafi da kanka: ninki 460. Da farko dakatarwar ta shekara ɗaya ce, a 2016 aka ƙara mata shekara uku, a 2019 aka sake ƙara uku. Jami'anmu suka yi ta taro a otal-otal na Abuja suna kukan kuɗin shigar da ƙasa ta yi asara. Ban ji wanda ya tashi ya buga tebur ya ce, jama'a, waken nan da Bature ya ce ba zai ba ɗansa ba, wa ke cinye shi? Mu ne. Daga rumbu ɗaya aka ɗebo na Landan da na ƙauyen Kiyako. Bambancin kawai, can akwai mai gwadawa a bakin ƙofa.

Kuma ba Bature ne ya fara gaya mana ba. Tun 2008 aka kwashi ɗalibai fiye da 100 na makarantar 'yan mata ta Doma a Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake, gwaji ya nuna maganin ƙwari a ciki. A shekarar ne kuma yara biyu suka mutu a jihar Kuros Riba bayan cin alale, wasu da dama suka kwanta. Gombe da Gwaram tafiyar 'yan awoyi ce. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, bayan labarin matasa masu sha su halaka kansu ya cika jaridu. Mai sito da ke zazzaga shi cikin buhun wake don kada ƙwaro ya huda, shi babbar kwalba yake saye.

Ta yaya muka san an kama kayanmu fiye da sau 50? Saboda Turai tana da nata allon, RASFF, wanda ta kafa tun 1979, kuma ta buɗe wani sashe nasa a intanet ga kowa. Yau ɗin nan, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse zai iya shiga da wayarsa ya ga ranar da aka tare riɗin Najeriya a wata tashar Turai, da ƙasar da ta tare, da abin da aka samu a ciki. Salmonela ce ta fi fitowa a riɗinmu, ƙwayar cutar da ke biyo kashin tsuntsu da ɓera da ƙadangare da akuya, har ta kai Turai ta sa dokar a riƙa buɗe rabin kayan riɗin da suka fito daga Najeriya ana gwadawa. To ga abin takaici: ɗan Jigawa ya fi saurin sanin lafiyar riɗin Jigawa daga wani ofishi a Burasels fiye da daga kowane ofishi a Dutse ko Kano ko Abuja. Muna da NAFDAC tun 1993. Muna da SON mai kula da ingancin kaya, muna da NAQS mai kula da lafiyar tsirrai da dabbobin da ke ƙetare iyaka, muna da hukumar bunƙasa fitar da kaya, muna da jami'an duba amfanin gona na tarayya. Dukansu suna gwaji ko suna buga hatimi. Wace ce a cikinsu ke fitowa duk wata ta ce: mun ɗebi samfur kaza na wake a kasuwar Sara, kaza sun faɗi, ga dalili?

Zoɓo ma ya sha irin wannan. Meziko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓon Najeriya, ta rufe mana ƙofa na tsawon shekaru saboda wani ƙwaron sito da ake kira kafra, alhali Jigawa na sahun gaba wajen nomansa. Manomi ya ga farashi ya faɗi warwas, bai taɓa jin sunan ƙwaron ba.

Bari in koma kan da'irar nan ta kore, don akwai abin da masu yaba wa irin wannan allo ba sa son a taɓo. Kason faɗuwa lissafi ne na raba abu biyu: abin da ya faɗi, da abin da aka gwada. Duk wanda ke riƙe da na biyun, shi ke riƙe da launin. Mu ɗauki misali. A ce buhu 1,000 aka kawo bakin sito. Mai karɓar kaya ya soka ƙarfe, ya murza a tafin hannu, ya kori buhu 200 tun daga ƙofa. Saura 800 suka shiga ɗakin gwaji, 16 suka faɗi. Allo zai ce kashi 2 cikin 100, kore shar. Gaskiyar abin da ƙasa ta kawo kuwa buhu 216 ne marasa kyau cikin 1,000, fiye da kashi 21. Babu wanda ya rubuta lambar ƙarya, amma an haifi ƙarya. Ɗari biyun nan da aka kora ba su da gida a allon, kuma su ne ainihin labarin.

Akwai wasu hanyoyin. A gwada kaya su faɗi, a sake ɗibar samfur daga wani gefe, a sake, har a dace, sannan a rubuta na ƙarshe. A gauraya buhu mai guba cikin masu kyau guda goma don lambar ta sauko ƙasa da iyaka. A haɗa kasuwanni ashirin a fitar da matsakaici ɗaya, ta yadda ƙauyen da ke shanya a juji zai ɓuya a bayan ƙauyen da ke shanya a tamfol. Matuƙar an ɗaure ƙarin albashin ma'aikaci da launin da'ira, to an koya masa gyaran launi, ba a koya masa gyaran kaya ba. Ba na zargin yaran da ke zaune gaban kwamfuta. Abin da aka ce su nuna suke nunawa. Wanda ya zaɓi abin da za a ƙirga da abin da za a kau da kai daga gare shi, shi nake nufi.

Batun samfur kansa ya isa tashin hankali, musamman a gyaɗa da masara. Akwai gubar da fumfuna ke haifarwa, aflatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗar Burazil. Ba ta da wari, ba a ganinta, suya da dahuwa ba sa kashe ta. Tana cin hanta a hankali, tana jawo sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda kowa ya san yadda ya yi mana katutu a Arewa. In ta yi yawa kuwa ba ta jira: a 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka mutu, daga masarar da suka noma da kansu suka adana da danshi. Halinta shi ne ba ta bazuwa daidai cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da ita da yawan gaske, sauran lafiya lau. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta ce in kayan gyaɗa masu yawa ne, a ɗiba daga wurare 100 daban-daban, a tara kilo 20, a niƙa, sannan a gwada. Mu kuwa a soka ƙarfe sau biyu, a cika tafin hannu, a yanke hukunci a kan mota guda. Da irin wannan ɗiba ana iya wanke mai laifi, ana kuma iya ɗaure marar laifi. Wa ya sani ko riɗin Yaya ne ya faɗi, ko na maƙwabcin da aka jera buhunsa a bakin mota? Allo ba ya nuna shakka. Launi ɗaya yake bayarwa, mai kallo ya ɗauka wahayi ne.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, waɗanda suka ƙirƙiro zanen bin diddigin inganci ba don adon ofis suka yi shi ba. A watan Mayun 1924 wani masani, Walter Shewhart, ya zana wa kamfanin Western Electric mai ƙera kayan tarho a Amurka wani ɗan jadawali a shafi ɗaya: layi a tsakiya, iyaka a sama, iyaka a ƙasa, a riƙa ɗiga sakamakon kowace rana. Manufarsa a bambance tsakanin ɗan hawa da saukan da ba a rasawa a kowane aiki, da alamar cewa wani abu ya lalace a je a duba yanzu. Abokin aikinsa Edwards Deming ya kai wannan ilimi Japan a 1950, ya dage a kan cewa mafi yawan aibin kaya daga tsarin aiki yake, kuma tsari a hannun shugabanni yake, don haka a daina ɗora wa lebura. A masana'antar Toyota, allon da ke nuna matsala a saman kan ma'aikata yake rataye inda kowa zai gani, kuma ƙaramin ma'aikaci na da ikon jan igiya a tsayar da layin ƙira in ya ga aibi. Labarin aibi ana kai shi inda aibin ke faruwa, ga mai hannun da zai gyara. A sana'ar riɗi, wannan wurin shi ne masussuka a Kila da Zandam da Sundimina da Kantoga. Mun sayo allon, mun rataye shi nesa da gona da kilomita fiye da ɗari, mun rufe ƙofa.

Ba ma sai mun je Japan ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci ya cusa hannu cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa. Bai hana shi sayarwa ba. Abin da ya tuhume shi a kai shi ne me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sannan ya nesanta mai algus daga al'ummarsa. A sa aibi a sama inda za a gani: duk ilimin allon alƙaluma bai wuce wannan ba. Kasuwannin Hausa na da can suna da Korama da Sarkin Awo masu sa ido kan mudu da hatsi. Zamanin dalar gyaɗa a Kano, akwai ma'aikatan da ke duba gyaɗa su ba ta daraja kafin a ɗinke buhu, kuma manomi ya san me ake nema. Ba na kewar hukumomin sayen amfanin gona, sun ci guminsa iya ci. Amma da gwamnatin Babangida ta rushe su a 1986, an zubar da ruwan wanka har da abin da ya kamata a tsame, aka bar manomi da dillali da "haka na'ura ta ce".

Yanzu in juyo gida, don ba zan yi wa 'yan uwana kara ba. Mu ma muna da namu. Na ga wanda ke tankaɗe farin yashi ya zuba cikin riɗi don buhu ya yi nauyi. Na ga wanda ke yayyafa ruwa a zoɓo daren jajiberin kasuwa. Bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram da kaka, ka ga shanya shimfiɗe a gefen kwalta, motoci na bulbula mata hayaƙi, awaki na ratsawa, kaji na tona. Na ga mai sito yana zuba fiya-fiya cikin wake da hannu ba safa, yana cewa ai kafin a ci ya fita. Wannan zalunci ne, kuma mai yin sa ya sani, tunda ba daga wannan buhun yake auna wa gidansa ba.

Amma ku tambayi kanku me ya sa abin ya zama ruwan dare. A kasuwar da mai tsabtataccen riɗi da mai yashi ke karɓar kuɗi ɗaya, a kasuwar da in mota ta faɗi gwaji kowa za a zaftare wa, mai gaskiya da maha'inci, me ake koya wa mutane? Ana koya musu cewa tsabta asara ce. Yaya ya sayi wahala, ya sheƙe sau biyu, aka ci shi tarar laifin da ba a gaya masa ba. Wanda ya zuba yashi ya ci ribar nauyi, sannan aka raba tararsa a kan mutum goma. Kowace kaka ana ƙara samun wanda zai ce, to ni ma me ya yi mini zafi? Kamfanonin da ke kukan kayan Najeriya ba su da inganci, su ne ke riƙe da bayanin da zai raba tsaki da tsakuwa, kuma sun zaɓi su zauna a kansa. Akwai riba a duhun: wanda bai san me ya faɗi ba, ba zai iya jayayya da farashi ba.

Kuma ba wai magani ne babu ba. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma daga 2007, a Kano ake ƙera shi. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a matse iska a ɗaure tamau, ƙwaro ya shaƙe ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gonar gyaɗa da masara kafin fure, masu shi sun ce yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. Tamfol ba sabon abu ba ne. Na'urar auna danshi tana shiga aljihun riga. Me zai sa manomi ya kashe kuɗinsa a kan waɗannan alhali babu wanda ya nuna masa a ina yake faɗuwa, babu kuma wanda zai ƙara masa ko sisi in ya gyara?

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Duk kamfanin da ya ƙi kaya ko ya rage musu kuɗi da sunan gwaji, ya ba da takarda: ga ranar, ga abin da aka auna, ga lambar da aka samu, ga iyakar da ake nema. Dillali ya kawo takardar nan gida, ya nuna wa masu kaya. Wannan ba ya buƙatar kwangila, doka ɗaya ce daga majalisar jiha a Dutse, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Gwaram sun san kasuwar Sara sarai tunda can suke zuwa neman ƙuri'a. Sannan a sauko da allon. Ba sai na lantarki ba, ko baƙin allo da alli ya wadatar, a bakin kasuwa, da boko da ajami: makon jiya an gwada kaya kaza daga nan, kaza sun faɗi, danshi kaza, ƙasa kaza, magani kaza. Gidan rediyon jiha ya karanta shi kamar yadda ake karanta farashin hatsi. Malaman gona na JARDA su ɗauki lambobin su bi ƙauyukan da abin ya fi ƙamari, maimakon yawon wayar da kai na gama-gari wanda ba ya kama kowa.

Abin da na fi matsawa a kai shi ne gidan da babu shi a allon. A ƙara masa layi ɗaya: ina kayan da suka faɗi suka tafi? Wanda danshi ko tsakuwa ce matsalarsa, a sake shanya a sake tankaɗe, babu laifi. Wanda guba ce a cikinsa, kada ya bar harabar sito sai da sanin hukuma, a rubuta inda ya dosa da abin da za a yi da shi. Kamfanin da ya gwada buhu, ya ga guba da idonsa, ya buɗe ƙofa ya ce mai shi ya kwashe, ya san sarai bakin wa za ta shiga. Cewa "ba ya cikin lissafinmu" ba ya wanke hannu. Kuma muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a nan Birnin Kudu, inda masu kumburin ciki da ciwon hanta daga ƙauyukan nan ke zuwa. A ba likitocinta da masu bincike na jami'o'inmu kuɗi da dama su auna abincin da ke kasuwa, su ɗora shi kusa da abin da suke gani a gadajen asibiti. Wannan ne allon da nake son gwamna ya fara kalla da safe.

Kafin in bar ofishin nan na roƙi ɗan ƙanwata ya gaya mini, a irin tsarinsu, ko manomi zai iya bin sawun kayansa ya san me aka samu. Ya ce, "Kawu, ai sunan manomi ba ya zuwa nan. Sunan dillali ne da lambar mota." Na koma gida da wannan. Riɗin bana ya fara ja, ganye na zuba, Yaya ya riga ya wasa lauje. Ya sayar da tunkiya ya sayi tamfol biyu, bisa zato kawai, don wani ya ce masa watakila ƙasa ce. Shekaranjiya da magariba muna zaune a ƙofar gida ya dube ni ya ce, "Kai da ka je ka gano allon nasu, gaya mini, me zan canza?" Na buɗe baki, na rasa abin da zan ce masa.